Kakana da Bindigar Ƙasan Rumbu

Tsintsiya ce ta fara gaya mini. Ina durƙushe cikin rumbun gidan mijina a Turba, ina share ƙaiƙayi ko za ni samu tsabar da za ta cika ƙoƙo, sai bakin tsintsiyar ya sarƙe a inda daɓen ya tsage. Na sa hannu na taɓa fata, busasshiya, mai maiƙo. Na ja. Nauyin da ya biyo hannuna ba na hatsi ba ne. Tun ban kwance igiyar da aka naɗe fatar da ita ba na gane ƙarfe ne a ciki.

A garinmu mace ba ta shiga rumbu. Maigida ke hawa ya jefo dami, mace ta tsaya ƙasa ta karɓa. Amma a shekarar nan ruwa ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba, mazan gari suka watse cin rani, mijina ya bi su Kurmi, ya bar ni da jinjira a baya. Rumbun nan na mahaifinsa ne, marigayi, kuma tun da aka gina shi ba a taɓa ganin ƙasansa ba sai a wannan farin.

Mutumin da ya tsaya tsakanina da abin da na tono ranar nan, yau ba shi a duniya. Daga Allah ya zo, gare Shi ya koma, mu ma muna bisa hanya. Kakana ne, mahaifin babana. Gari duka Kofur suke ce masa. Ina rubuta wannan ne don ina tsoron a manta da shi kamar yadda ake manta mamatan shekarar yunwa, a ce kawai fari ya ci su.

Ranar da aka rufe shi, zaure ya cika, duk da rabin gari ba ya nan. Liman ya ce bai taɓa rigan Kofur shiga masallaci da asuba ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta share hawaye tana dariya, ta ce, "Yo yanzu wa za shi tare mu bisa hanyar rijiya da zancen bindigogi, tulu na kanmu?" Mata suka yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Gwaggona, 'yarsa ta fari, ba ta yi dariya ba. Ta dubi bango ta ce, "Da bai hau jakin nan ba." Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ko dube ni ba. Kowa ya san saboda wa ya hau jakin.

Abokinsa Sarsan, tsohon saje a sojan Faransa da yunwa ta koro daga ƙetaren iyaka, ya ƙi zama a tabarma. Ya tsaya jikin ginshiƙin zaure, tsohuwar hularsa ta soja a hannu, yana murza ta. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Ban gama gardama da shi ba."

Kakana ɗan maƙera ne. Da aka ɗebe su yaƙin Bama, Turawa suka ga hannunsa ya san ƙarfe, suka sa shi wurin masu gyaran bindiga. Da yaƙin basasa ya tashi aka sake kiran tsofaffin sojoji, ya koma wannan aikin. Amma tun da ya dawo gida bai ƙara taɓa bindiga ba. Ko ta maharba aka buga a biki, sai ya tashi ya shige ɗaki. Sai dai bakinsa bai bar su ba. Ya zauna gindin itacen bedi ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki kara ya fara zane.

Tun ina ƙarama yake ce mini amaryarsa, ni kuma in ce masa angona mara haƙora. Da na dawo hutu daga sakandare sai ya ce, "Amarya, zo a ga ko bokon ya ƙara miki ido. Waɗanga biyu, dangi ne ko maƙwabta?"

In duba zanen in ce, "Duk bindiga ce, ango."

"Kin ji ta. Duk mutum ne, to je ki kwana gidan mahauta ki ce gidanku ne."

Abin da ke ɓata masa rai shi ne mutanenmu kowace gajerar bindiga mai ɓarin wuta suka gani sai su ce Sitan. Shi kuwa yana lissafa su kamar yadda tsofaffi ke lissafa zuriya. Ya ce Tomsin gidanta daban, mai ƙiba ce, mai nauyi, harsashinta ma mai ƙiba, ba ta haɗa komai da sauran ba sai gajarta. Sitan kuwa bututun ƙarfe ce kawai, an ƙera ta cikin gaggawa lokacin da Ingila ta matsu, tana cin harsashi ta haƙarƙarin hagu. Ita ma ba ɗaya ba ce. Akwai ta biyu, wadda ake kwance mata baki a cire. Akwai ta uku, wadda aka like ta ɗungurungum, in ta lalace sai a yar. Akwai ta biyar. "Wagga an sa mata gindin itace, ta fito tana yanga kamar ɗiyar attajiri," in ji shi, "amma in kin buɗe cikinta, hanjin talaka ne irin na yayyenta. Kada riga ta ruɗe ki. Ki duba ta ina taka ci, mi taka ci, sannan wa ya haife ta."

Wata rana na tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum. Ya ce, "Ni gyara nika yi." Ya daɗe yana goge zanen da ƙafa. Sannan ya ce, "Abin da na gyara kuwa ya yi aiki." Ban sake tambayarsa ba.

Sarsan ya iso garinmu ta Sabon Birni da ragowar shanunsa da ba su iya tsayuwa sosai. Kaka ya ba shi ɗakin zaure. Ba su yi wata guda tare ba suka yi faɗa, kuma a kan bindiga. Sarsan ya ce abin ai a fili yake: akwai na Ingila, akwai na Jamus, akwai na Faransa, kowace ƙasa da nata. Ya yabi tasu, wadda gidan harsashinta ke ƙasa, ana naɗe shi ya kwanta jikin bututu in ana tafiya. Kaka ya ce wannan dabara ce mai kyau, amma rabon nasa rabon jahilci ne.

"Sitan a Ingila anka haife ta, amma tsatson Jamus ta ɗauko. Sun kama ta Jamus, sunka kwaikwaya, sunka rage mata nama. Daga baya Jamus sunka matsu, su ma sunka kwaikwayi Sitan. To ɗiyar wa ce?"

"Ta wanda ya buga mata hatimi," in ji Sarsan.

"Kai hatimin Faransa ke bisa takardarka, ni na Ingila. Dubi zanen kumatunka, dubi nawa. Bature ya ja layi ya ce kai can, ni nan. Shi ke nan kai ba Bagobiri ba ne?"

"Kofur, ka manta da sarsan kaka magana."

"Sarsan na Faransa ai ko ɗan dako na Ingila ya girme shi."

Sarsan ya kwashe buzunsa ya koma rumfar kasuwa. Sai da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi, Kaka ya ɗauki wuƙa ya tafi ya taya shi fiɗa. Da suka gama ya ɗauko buzun da kansa ya maido shi zaure.

A farin nan na gane yana mana ƙarya. Kullum na kai masa ɗan abin da aka samu, dilo ne, wato dafaffun 'ya'yan anza, ko tafasa da garin rogo, sai ya ce Sarsan ya riga ya ciyar da shi. Sarsan kuma yana gaya masa Gwaggo ta kawo. Kwanon ya zagaya ya dawo hannuna, wai mai shayarwa ba ta raba abinci da tsoho. Akuya ɗaya ta rage masa, aka yi aka yi ya sayar ya ƙi, yana yawo yana kakkaɓo mata 'ya'yan gawo don ta ba jinjirata ɗan nono. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Na ce, "Ango, ƙafarka." Ya ce, "Ƙiba ce. Kin iya girki."

To ranar da na fito daga rumbu, ba bindigar ce ta tara mutane ba. Maƙwabciya ce ta hango kaina ta saman katanga, ta kira wata, wata ta kira wata, aka zo a ga macen da ta shiga rumbu, wai bokon ne ya cire mini kunya. Suna cikin yi mini faɗa fatar ta zame daga hannuna. Ƙarfen ya faɗo ƙasa, baƙi, yana sheƙin mai. Wata ta ce, "Sitan." Kafin Kaka ya ji labari, mai gari ya ji, kuma shi ba shi da ikon ya yi shiru.

Lokacin mulkin soja ne. Ɗan fashi in an kama shi da makami, a jikin ganga ake ɗaure shi a harbe. Kuma ba da daɗewa ba an tare motar hatsi tsakanin Isa da Sabon Birni, an harbi yaron mota. Direban ya ce da Sitan aka tare su.

Aka kai ni Isa. Babban jami'in mutum ne mai furfura, bai ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya tambayi yaushe mijina ya bar gari. Na faɗa. Ya ce a makon nan ne aka tare motar. Ya tambayi inda yake a Kurmi. Ban sani ba, wallahi ban sani ba, mai tallan ruwa ba shi da adireshi. Ya ajiye wasu kwanson harsashi a kan tebur, ya ce an tsince su a wurin, kuma irin wanda bindigar rumbunmu ke ci ne. Ya ce za ni koma gida a hannun mai gari kafin a yanke magana. In ta tabbata ita ce, za a wuce da ni Sakkwato a tsare har mijina ya bayyana.

Na ce, "Da jinjirar?"

Ya ce, "Wannan sai can za su faɗa."

Na dawo na faɗi gaban Kaka. Yana kwance, ƙafafun sun yi suntum. Bai rarrashe ni ba. Ya ce, "Share hawaye ki gaya mini. Gindinta itace ne ko ƙarfe?" Na ce ƙarfe, sanda ɗaya. "Jikinta da huji-huji?" Na ce kaɗan, can wajen baki. Ya rufe ido. "Surukinki tare munka dawo daga Bama. Bai taɓa gaya mini ba. Allah shi gafarta mai." Sannan ya tambaya ko kwanso kaɗai aka tsinta a wurin fashin. Na ce na ji ana cewa har da gidan harsashi da ya faɗi wa ɗaya daga cikin ɓarayin. Ya buɗe ido. "Miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe?" Na ce ban gani ba.

"To sai an gani."

Da ya ce a kai shi Isa, Gwaggo ta tare ƙofa. Ta ce, "Baba, ko masai sai an riƙa ka. Ka gaya wa ƙanena ya tafi ya faɗa musu." Baffana ke nan, shi kaɗai cikin 'ya'yansa maza bai tafi cin rani ba. Kaka ya ce, "Shi mi ya sani? Za shi je ya ce musu Sitan, su ce mai to." Sarsan ya aro jaki, ƙashi da fata, suka ɗora shi. Muka kama hanya da sanyin safiya, Sarsan na riƙe da shi ta gefe, Baffa na jan igiya, ni ina biye da goyo. Ba inuwa a hanya, an sassare itatuwa an ba dabbobi. Sau da yawa muna sauke shi ya huta. Ya ce mini, "Amarya, yau dai ango ne bisa jaki, ke a ƙasa. Kada ki kai ƙarata."

A ofis ya ƙi kujera sai da ya ƙame ya sara wa jami'in. Ya roƙi a kawo bindigar da abin da aka tsinta. Aka kawo. Gidan harsashin a lanƙwashe yake kamar lauje. Na ji Kaka ya saki numfashi.

Bai taɓa ko ɗaya ba. Hannunsa na baya, ya sunkuya yana dubawa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga Sitan ce ta biyu, ta yaƙin Bama. Wancan kuwa na Sitalin ne, wadda anka ba sojojinmu daga baya. Jikar gidan ce. Ita ma ta hagu taka ci, shi ya sa direba ya ce Sitan. Bai yi ƙarya ba, bai dai sani ba."

Jami'in ya ce, "Amma harsashinsu ɗaya, Baba."

"Ɗaya ne."

Sarsan ya taka masa ƙafa. Kaka bai kula ba, ya ci gaba. "Har ma in ƙara maka. Sitalin tana karɓar gidan harsashin Sitan." Na ji kamar ƙasa ta buɗe. Na ce a raina tsohon nan ya kashe ni da gaskiyarsa. Sarsan ya ce cikin raɗa, "Kofur, rufe bakinka." Kaka ya ce, "In na ɓoye rabi, wa za shi yarda da sauran rabin?" Ya juya ga jami'in. "Jika tana cin tuwon kakarta. Kakar ce ba ta iya tauna na jika. Gwada da hannunka."

Jami'in ya ɗauki lanƙwasasshen ya kai bakin ramin da ke haƙarƙarin bindigar. Ya tura. Ya juya ya sake turawa. Ya ƙi zama. Ya ce shi ma lanƙwasar ta tsaya masa a rai, amma ɓarayi suna iya zuwa da bindiga biyu. Kaka ya ce haka ne, a leƙa cikin bututun. Aka ɗaga ta wajen taga. Man da surukina ya cusa mata ya daskare ya toshe ta kamar danƙo. "Wadda ta yi harbi bana ba ta kwana da wanga a maƙogwaro," in ji Kaka.

Jami'in ya rubuta duk abin da ya faɗa, ya sa ya maimaita wasu wuraren. Ya ce shi ba shi da ikon sakina. Za a aika da bindigar da abin da aka tsinta Sakkwato wurin mai gyaran makamai na hukuma, abin da ya ce shi za a bi. Ya sa aka kawo wa Kaka ruwa, ya raka shi har bakin ƙofa.

A hanyar dawowa bai yi wasa ba. Kansa na kan kafaɗar Sarsan. Da muka iso aka kwantar da shi, bai sake tashi ba. Na zauna kusa da shi ina masa fifita. Ya farka sau ɗaya ya ce, "An aiko?" Na ce tukuna. Ya ce, "Za su aiko. Ƙarfe ba ya canza magana." Can kuma ya ce a ba akuya ruwa. Bai cika mako ba ya rasu, da hantsi, Gwaggo na riƙe da kansa. Allah Ya sa kabarinsa ya fi masa inuwar bedin nan sanyi, Ya yafe masa abin da hannunsa ya gyara, Ya ciyar da shi abin da ya hana kansa.

Na yi zaman makokinsa da ƙullin kayana a bayan ƙofa: zane biyu da tsumman jinjira. Kowace mota ta yi ƙara a bakin gari sai nonona ya ɗauke. Ban iya yi masa kuka yadda ya kamata ba, tsoro ya cinye wurin kukan, kuma wannan yana cikin abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Masu gaisuwa suna ce mini "ya haƙuri", ina amsawa, kunnena na kan hanya.

Washegarin sadakar bakwai mai gari ya aiko a ce ana neman wani daga gidanmu a Isa. Baffa ya tafi. Na yini ban zauna ba. Bayan la'asar ina tsakar gida ina zuba wa baƙin da suka rage ɗan kunu, sai na ji sallamarsa. Ya shigo da ƙura har gwiwa. Ya tsaya gabana, Gwaggo ta taso, Sarsan ya leƙo daga zaure.

Ya ce, "Ɗiyata, kwance ƙullinki. Sun ce ba ita ba ce."

Ludayin na hannuna. Na ce, "Har da shi?"

"Ke da mijinki duka. Babu sunan kowa. Bindigar sun riƙe."

Gwaggo ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta jawo ni jikinta, karo na farko tun ranar jakin. Baffa bai motsa ba. Yana ta kallon ƙofar ɗakin Kaka.

Ya ce, "Mai gyaran makaman na Sakkwato ya aiko da saƙo. Wai ya karanta bayanin, ba abin da za shi ƙara. Wai a gaishe mai da tsohon, in ya samu hanya za shi zo su gana."

Sarsan ya ce, "Mi ka ce musu?"

Baffa ya goge fuska da hannun riga. "Na buɗe baki in faɗa musu ya rasu, ya ƙi fita. Na ce za shi ji."